Afra'u Ta Kayar Da Uwarta

Rano, ƙarshen kaka

Zuwa ga Gwaggo Lami, a Kahu.

Assalamu alaikum. Gwaggo, ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ƙafar nan kuma ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai Amiru da ya yi kwana biyu yana mura, shi ma ya warware. Gyaɗar da kika aiko ta iso, Allah ya ƙara girma. Na gwada kiran ki a waya, muka yi ta "iye? iye?" har katin ya ƙare, shi ya sa na koma ga takarda kamar yadda kika ce tun da kunnen nan ya yi nauyi. Alu direba zai kawo miki ita ranar kasuwa.

Labari gare ni, amma ki nemi wuri ki zauna tukuna. Gidanmu kaf mun shiga makarantar kokawa.

Ga yadda aka yi. Kin san ɗanki, baban Mujahid, da son tuwo da zaman shago. Ya je asibiti aka auna shi, likita ya ce jininsa ya hau, lallai ya riƙa motsa jiki. Ya gwada gudu da safe, rana ɗaya tak, ya dawo yana haki, wai mutanen unguwa sai tare shi suke suna tambayar abin da ya koro shi. Ana nan sai wani tsohon soja, Malam Isma'ila, ya yi ritaya ya dawo gida, ya gyara wani tsohon sito ya fara koyar da wasan da ake kira judo. Kokawa ce, amma mai ƙa'ida. Farar riga mai kauri ake sawa da ɗamara, a kan katifa ake yi, ba naushi ba shuri. Maigidan ya ji kunyar zuwa shi kaɗai da tumbinsa, sai ya ja Mujahid, wai yaro ya raka. Hidaya ta ga rigar wanta ta kafa kuka. Ashe matar Malam ɗin, Malama Rahma, ita ma gwana ce, tana koyar da mata a tsakar gidanta, inda ba namijin da ke leƙawa. Na kai Hidaya da niyyar in zauna a gefe in jira ta. Malama ta dube ni ta ce, "Maman Mujahid, nan fa ba a kallo. Ko ki cire takalmi ko ki koma gida." Na cire.

Gwaggo, da za ki ga matar nan! Ba ta kai kafaɗata ba, ga sanyin murya kamar ba ta iya kashe sauro. A gabana ta kama wata mai waina da ta yi biyunta, kafin in ƙifta ido ta kwantar da ita a katifa, mai wainar tana kwance tana dariya tana cewa a sake don ba ta ga ta inda aka bi ba. Ni dai tun ran nan nake ganin girmanta.

Har yanzu ba a koya mana kayar da kowa ba. Faɗuwa muke koyo. Wai sai ka iya faɗuwa ba ka ji ciwo ba sannan a ba ka jikin wani. In muka dawo gida kowa na ɗingishi, kowa na dariyar kowa. Hidaya ta fi mu kamawa, mirginawa take kamar kyanwa. Mujahid ya daina yawon ƙwallo har magariba. Amiru ba a ɗaukar irinsa tukuna, amma ya ɗaure cikinsa da ɗankwalina yana bin kaji yana ihu. Maigidan kuwa wani siririn mai shayi aka haɗa shi da shi, kuma na ji an ce mai shayin ne a sama. Amma bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya, wallahi ya ba ni sha'awa.

Mutuniyarki ma tana zuwa. Tana lafiya, tana gaishe ki.

Taki,
Zubaida

Kahu, ranar Laraba

Zubaida,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, ƙafa da sauƙi in ban taka ta ba. A gaishe da Uzairu, a ce masa na ji labarin mai shayi. Yaron da tun yana ƙarami ko rago aka kayar sai ya ruga ɗaki, yau shi ne ɗan kokawa! Allah ya ba shi lafiya, na yaba masa, don ba kowane magidanci ne zai yarda a gan shi a ƙasa ba.

Na karanta takardarki sau biyu. Na farko ina dariya har hawaye. Na biyu ina neman Afra'u a ciki. Na sami mai waina, na sami mai shayi, har kaji na samu. Afra'u sai can ƙasa, layi guda, kamar gishirin da aka tuna bayan an sauke miya.

Kada ki ce ban san dalili ba, ba yau aka haife ni ba. 'Yar fari ce, kuma ni na kwance ta daga bayanki ranar da aka yaye ta, na riƙe ta shekara goma sha huɗu kamar yadda ake yi. Na san ba za ki kama sunanta ba, ba za ki yabe ta ba, ba za ki ja ta a jiki ba. Uwata haka ta yi wa yayanmu har ta koma ga Allah, ba wanda ya ce ba ta son sa. Amma shi a gabanta ya girma, ya san irin shirunta. Afra'u ba ta san naki ba. A nan ta saba in kira ta sau goma kafin hantsi, mu ci a kwano ɗaya, ta kwanta a bayana. Ta je gidan da take ji ana kiran Hidaya, ana kiran Amiru, ita kuma sai "ke". Me kike so ta ɗauka?

Alu ya ce ya same ta ita kaɗai a zaure. Ta tambaye shi ko akuyarta ta haihu, da ya ce ta haifi biyu sai ta juya baya tana share ido. Wannan ba kukan akuya ba ne.

Don makarantar Rano ta fi na ba da ita, ba don na gaji da ita ba. Ki ji da kyau. In dogon hutu ya zo ban ga ta saki jiki a gidan nan ba, zan ɗauke abata in sa ta a makarantar Kibiya, ko da kullum sai an kai ta a babur.

Ki rubuto mini yadda take yi a wurin kokawar. Ba sai kin yabe ta ba, ki faɗi abin da wasu suka ce.

Gwaggonku,
Lami

Rano, tsakiyar sanyi

Gwaggo,

Assalamu alaikum, tare da fatan kina lafiya. Mu ma lafiya. Na ji faɗanki, na kuma karɓa, ba ni da ta cewa.

An yi mana jarrabawa makon jiya, dukkanmu mun bar farar ɗamara mun koma ruwan ɗorawa. Maigidan har tela ya rage masa wando, likita kuma ya ce jinin ya fara sauka. Ya ce in gaya miki ya kayar da mai shayi sau ɗaya, kuma da shaidu.

Kin ce in faɗi abin da wasu suka ce. Malama Rahma ta ce tun da ta fara koyarwa a garin nan ba ta ga mai ƙafa irin ta mutuniyarki ba. Wai in ta tsaya sai ka ce dasa ta aka yi. Ta tambayi inda ta tashi, aka ce Kahu, ta ce ai ga shi nan, daka da ɗaukar ruwa ne suka gina ta. Ta ce a gaishe da wadda ta riƙe ta.

Akwai abin da ya faru, gara ki ji daga bakina. Da aka fara koyon kayarwa, Malama ta haɗa kowa da sa'arta a tsawo da nauyi. Sai ta haɗa ni da mutuniyarki, don kusan kanmu ɗaya. Gwaggo, riƙon judo ba daga nesa ake yi ba. Hannu ɗaya a wuyan riga, ɗaya a hannun riga, fuska da fuska, kina jin numfashin mutum. Ga mata cike da gida, wasu sa'o'in uwata. Ta matso ta miƙo hannu, sai na ji nawa ya mutu, na kasa ɗaga shi. Na ce wa Malama ta yi haƙuri ta canza mini. Ta haɗa ta da wata budurwa 'yar Yalwa, Ramlat, ni kuma da mai waina.

Ki yi mini uzuri.

Zubaida

Kahu

Zubaida,

Lafiya lau. Na ga takardarki.

Ta miƙo miki hannu a gaban mata, kika ce a canza miki. Sai ka ce atamfa a kasuwa. Kunya daban, wannan daban, kuma ko ni da nake tsohuwa ban san sunan da zan ba shi ba.

Na gaya wa Alu ya bar mini gaban mota ranar da za a ba da dogon hutu. A gaya wa Uzairu.

Lami

Kahu, bayan ƙaramar Sallah

Zubaida,

Assalamu alaikum. An yi Sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Azumi ya zo ya wuce ban ga ko layi guda daga gare ki ba. Uzairu ya kawo yara gaisuwar Sallah, ya ce ciwon baya ya hana ki zuwa. Na tambayi Afra'u yaya gida, ta ce lafiya lau, ta sunkuyar da kai. Na ce fushi kike da ni, na ƙyale.

Jiya na je suna. Wata mata 'yar Lausu, da take da ƙanwa a unguwarku, ta zauna kusa da ni ta ɗaga murya don ta san ba na ji sosai, har na bakin ƙofa suka ji. Ta ce, "Lami, ashe 'yar riƙonki jarumta ta koyo? An ce kullum bayan la'asar sai ta ɗaga uwarta ta maka da ƙasa a tsakar gida. Ƙanwata da idonta ta gani, ta shiga aron rariya. Wai uwar ko uffan ba ta cewa."

Zubaida, ƙasa ce kawai ba ta tsage na shige ba. Tuwon sunan nan ban ci ba. Na dawo gida ina ta juya maganar. Ciwon bayan ke nan? Shirun ke nan? Kin ƙi ta a gaban mutane, ita kuma ta sami hanyar ramawa da sunan wasa, ke kuma kunya ta hana ki tsawata mata, Uzairu yana kallo? Yarinyar da ko muryarta ban taɓa ji a kan tawa ba! Duk Kahu yanzu abin da za a ce shi ne riƙon Lami ke nan, ta raini yarinya ta aika ta je ta kayar da uwar da ta haife ta.

In ƙarya ne ki ce mini ƙarya ne. In gaskiya ne ba zan jira hutu ba.

Lami

Rano, farkon damina

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma neman gafara a kan shirun da na yi. Lafiyarmu ƙalau. Bayan da sauƙi, wuyan hannun ne ya ɗan kumbura kwanaki, riƙe biro ya yi mini wuya. Amma ba shi kaɗai ya hana ni rubutu ba, rasa ta inda zan fara na yi.

Ba ƙarya aka faɗa miki ba. Tana kayar da ni kullum. Sai dai ba ramuwa ba ce, ni na sa ta.

Kafin azumi Malama ta ba da sunanta a gasar 'yan koyo da za a yi a Kano cikin dogon hutu, ita kaɗai a cikin matanmu. Ba a yi mako biyu ba aka ɗaura wa Ramlat aure, aka kai ta Kano. Sauran matan, daga ƙananan yara irin su Hidaya sai manya masu ciwon gwiwa. Malama ta ce gasa ba a shirya mata da iska, dole sai da jikin mutum, sa'arta a nauyi, wadda za ta riƙa kayarwa kullum har abin ya zauna mata. In ba a samu ba za ta janye sunan, don ba za ta kai 'yar mutane a ji mata ciwo ba. Da ta faɗi haka ba ta dube ni ba, amma duk gidan an san wa ya rage.

Yarinyar ba ta roƙi kowa ba. Sai na riƙa ganin ta bayan la'asar ta ɗaura ɗamararta a jikin darbejiyar tsakar gida, ta kama bakin biyu, ta juya ta ja, ta juya ta ja, ita da itace. Ina daga madafi ina kallo ta ƙasan ido. Rana ta farko na daure, ta biyu na daure. Ran nan na ga tafin hannunta ya saɓule, ta tofa masa yawu ta ci gaba. Na sauke tukunya, na shiga ɗaki na sa rigata, na zo na tsaya tsakaninta da itacen.

Ta dube ni, ta dubi rigar, sai ta durƙusa. Ta ce, "Umma, wallahi ba zan iya ba. Ni in kayar da ke? Gwaggo ta ji ai sai ta tsine mini."

Ina da magana cike da ciki, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Tashi. Kama."

Ran nan ba ta kama ba, kuka ta yi ta yi. Sai da babansu ya je ya tambayi limamin unguwa, ya dawo ya gaya mata Malam ya ce in uwa ce ta umarta, kuma koyo ne ba wulaƙanci ba, to ƙin yi ne saɓawa. Shi da kansa ya ɗebo ƙaiƙayin shinkafa, shi da Mujahid suka cika buhuna, muka ɗinke su, aka rufe da tamfol da tsohuwar katifa. Hidaya ce mai tsaron ƙofa, ranar mai aron rariya ce kawai ta tafi sayen ƙuli.

Gwaggo, akwai ƙa'idar da Malama take nanatawa. Wadda kika kayar amanarki ce. Ba a sakin hannun rigarta sai ta sauka, kuma ana ɗan jan ta sama don kada kanta ya bugu. Wasu sukan manta in jini ya ɗau zafi. Ita ba ta taɓa mantawa ba. Tun da muka fara, kaina bai taɓa taɓa ƙasa ba. Da farko kowace kayarwa sai ta durƙusa ta ce, "Umma, yi haƙuri." Ni kuma in tashi in ce, "Sake." Yanzu ta rage ba da haƙurin. Jiya ma da na yi nauyin tashi sai na ji ta ce, "Umma, kin gaji ne?" har da 'yar dariya. Ban taɓa jin dariyarta a kusa haka ba.

Abin da kika faɗa mini a kan ranar da na ce a canza mini, gaskiya ne, ya kuma tsaya mini a rai. Na gwada kama sunanta ni kaɗai a ɗaki, harshena ya ƙi. Haka aka gina ni, ban san yadda zan rushe ba. Yabo ma ba zan iya ba. Amma wannan na iya, shi nake yi mata. Ina son ta, Gwaggo. A takarda ma da ƙyar na rubuta, kada ki karanta wa kowa.

Ki zo ranar Asabar. Da safe akwai darasi, bayan la'asar kuma namu na gida. Ki gani da idonki. In kin ga abin kunya a riƙonki, ki tafi da ita a ranar, ba zan ce komai ba, babansu ma haka.

Taki,
Zubaida

Kahu, ranar Litinin

Zubaida 'yata,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya, an yi ruwa a hanya amma bai tare mu ba. Na san kin yi mamaki da na fito daga ɗaki na yi sallama a tsaye, ban ce na ɗauka ba ban ce na bari ba. Hawaye ne suka taso mini. Ni kuma ba na son kuka a gaban suruka, sai ta raina ni.

Bari in fara da na safe. Malamar nan taku, ashe duk abin da kika faɗa kaɗan ne. Ta zo ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, na ce a raina wannan ce mai kayar da mutane? Sai ga shi tana ɗaga yatsa mata ashirin suna nutsuwa. Hidaya kuwa sai ka ce ba ƙashi a jikinta. Uzairu ban ga nasa wasan ba tun da wurin maza ne, amma na ga yadda ya shigo gida da rigarsa a kafaɗa, shi da Mujahid suna gardamar riƙo kamar abokai, ya ɗauki Amiru da hannu ɗaya bai yi haki ba. Na san gidaje da yawa, ban taɓa ganin wanda uba da uwa da 'ya'ya suke koyon abu ɗaya ba, kowa ya san zafin da ɗan'uwansa ke ji. Kun burge ni, in faɗa miki gaskiya.

Na la'asar kuwa, kin dai ga abin da na yi. Da ƙafafunki suka bar ƙasa na yi salati na miƙe da sandata, ƙafar da ke ciwo ma na manta da ita. Da Uzairu bai riƙe ni ba da na sauke mata ita a gadon baya. To da na zauna sai na sa ido, don kunne ne ya tafi, ido yana nan. Na ga hannunta a hannun rigarki, na ga yadda take tallafe ki kafin ki sauka. Na kuma ga abin da ba ki rubuta ba. Kafin ta kayar da ke sai ta juya ta ɗora ki a bayanta, na ɗan lokaci kina goye. Ke ba ki goya ta ya kai shekara biyu ba aka karɓe ta, yau ga ta tana goyon ki. Nan idona ya fara kawo ruwa, na ce hayaƙin madafi ne.

Ga abin da ba ki ji ba. Da na ja ta ɗaki na ce mata, "Afra'u, mota na jira. In kina son gida, haɗa kayanki, ba mai hana ki." Sai ta matso ta kawo bakinta saitin kunnena mai ɗan ji, ta ce, "Gwaggo, kullum sai na yi kewarki. Da na zo gidan nan na ɗauka ba ta ƙaunata, har na fara ƙirga kwanakin hutu. Amma kin san wani abu? Ramlat in na ɗaga ta sai ta ƙanƙame jiki, tana tsoron in sake ta. Umma kuwa sakin jikinta take gaba ɗaya, ko ɗar ba ta yi. Malama ta ce wanda bai yarda da kai ba ba ya iya haka." Ta kama hannuna ta ce, "Ba ta yi mini magana sosai har yanzu. Amma na fara gane ta. Don Allah ki bar ni in ƙarasa."

Na ce mata to.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji kishi. Na zo da shirin in ƙwato yarinya daga gidan da ba a son ta, da na samu haka da na dawo da ita ina murna, ina ganin na yi daidai. Sai na tarar ba haka ba ne, kuma daɗin da na ji da zafin da na ji ban san wanda ya fi ba. Na shigo gida na ga ɗakin ya yi mini girma. Zan saba. Matar Lausu kuwa na aika mata cewa gaskiya ƙanwarta ta gani, kuma riƙona ne, ina alfahari da shi.

Na bar ta a hannunku. In an gama gasar a kawo mini ita ta yi mako guda, ko ta ci ko ba ta ci ba.

Sai maganar bayanki. Na ga yadda kike dafa ƙugu in kin zaci ba mai kallo, kada ki ce mini da sauƙi. Ga man kaɗanya nan na haɗa da magani, Alu zai ba ki a gwangwani. A ɗumama shi kaɗan, a shafa safe da yamma, daga kafaɗa har kwankwaso. Hannunki ba zai kai ba, kuma ban yarda ki ba Hidaya ba. Afra'u za ki ba. Ba sai kin kira ta ba, ki miƙa mata gwangwanin kawai ki kwanta.

Gwaggonku,
Lami